Bayan guguwa: ƙishirwa ba ta jiran tawaga daga Tawa

Yau maganar ruwa za mu yi, ruwan pompo, da abin da ke samunsa duk ranar da iska ta ziyarce mu.

Ba sai mun gaya wa mutumin Adar yadda hadarin farkon damana ke zuwa ba. Da la'asar sakaliya ko bayan isha'i sai gabas ta yi ja, iska ta ɗauke cak, zafi ya danne gari, awaki su kama kai da kawo. Can sai ƙura ta taso kamar bango. Cikin abin da bai fi rabin awa ba ta yaye kwano, ta kwance shibci, ta kifar da rumbu, ta karya rassan bedi, kana ruwa ya biyo baya. Da gari ya waye kowa ya fito yana ƙirga asararsa, wane ya rasa kwano goma, wance dangarta ta kwanta, ajin lakwal ya zama fili. Ana jaje, ana Allah ya kiyaye gaba. Mun lura ba a cika samun mai cewa a je a dubo shato ba. Mata ne ke fara sani, sa'ad da sunka jera bido a pompon unguwa, anka murɗa, ya yi ɗan tari ya yi shiru.

Iska ta Allah ce, babu mai tare ta. Amma kwana 20 ko wata guda da gari kan yi ba ruwa bayan ta wuce, wannan kam da hannunmu a ciki, kuma muna iya rage shi ya koma kwana biyu ko uku. Abin da munka zo faɗi ke nan, ko da zai ɓata wa wasu rai, har da mu kanmu.

Bari mu fara da yadda ruwan ke zuwa, don da yawanmu bakin pompo kawai munka sani. Akwai foraj, rami mai zurfin gaske. Can ƙasa cikin ruwa akwai injin da ke turo shi sama. Injin nan yana son wuta, ko ta panno masu aiki da rana, ko ta gurup mai shan gazuwal, ko duka biyu. Ruwan ya hau shato, daga nan nauyinsa ne ke tura shi cikin tiyo zuwa unguwanni, da likita, da lakwal, da gidajen da sunka ja nasu. In ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya, duka sun tsaya. Guguwa kuwa ta san hanyar kowane. Panno faffaɗan abu ne kamar faifai, in ƙusoshinsa sun saki ko tsatsa ta ci ƙafafunsa, iska ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga shi. Kwanon da ta yayo daga gidan maƙwabci yana iya faɗo masa ya tsaga gilashin. Aradu ba sai ta faɗa kan shato ba, ko kusa ta sauka tana iya ƙone akwatin da ke daidaita wuta, in ba a binne masa ƙarfen da ke kai wutar ƙasa ba, ko an binne yara sun tone sun sayar. Sannan ga kori. Mu da ke tsakanin duwatsu mun san ruwan da ya sauka kan fako ba ya tsayawa, gangarowa yake da ƙarfi, ya tone tiyon da anka binne, ya bar shi a rataye ko ya karya shi.

Akwai wani abu da ba a gani da ido, kuma shi ya fi ba mu tsoro. Muddin tiyo na cike da ruwa mai ƙarfi, in ya huje ruwan waje yake fita. Amma da shato ya ƙafe, tiyo ya zama wofi, hujin nan ya koma baki mai tsotsa. Duk ƙazamin ruwan da ya kwanta a kansa, na gologo, na salgar da ta cika ta tumbatsa, na garken dabbobi, yana iya shiga. Ranar da anka gyara inji, ana murna ruwa ya dawo, wannan dattin ne ke fara fitowa a pompo. Shi ya sa ruwan farko bayan gyara ba na sha ba ne. A bari ya zuba har ya washe, a sa magani a shato, kana a ɗiba.

To wa ke da alhakin gyara? Nan ne kullum ake rasa mai amsawa. Manyan garuruwa irin su Tawa, Ƙonni da Madawa nasu daban ne: kayan na hannun SPEN, sayar da ruwa da kula da shi kuma na hannun NDE, wadda ta karɓi aikin SEEN tun farkon 2024. Ƙauyuka da ƙananan garuruwa irin namu wata hanya anka shata mana. Bisa dokar ruwa ta 2010 da tsarin da ya biyo bayanta, komin ce ke riƙe da kayan ruwan karkara a madadin jama'a. Ita ke ba wani ɗan kasuwa kwangilar tafiyar da su, ya sayar da ruwa, ya biya ma'aikata, ya yi ƙananan gyare-gyare. Jama'a kuma su kafa ƙungiyar masu shan ruwa, wadda a takarda ake kira AUSPE, ta zama idonsu da bakinsu. Daga cikin kuɗɗin kowane bido akwai kason da ake warewa a zuba a asusu na musamman, don ranar da inji ya mutu ko ake son ƙara tiyo. A takarda tsarin nan ba shi da laifi, wallahi. Wanda ya tsara shi ya san ranar wanka za ta zo.

Matsalar ita ce ranar da abin ya faru, sai kowa ya nuna na kusa da shi. Mun taɓa ganin haka a wani gari da ba za mu ambata ba, kuma mun tabbata da yawanku za su ce ai garinsu muke nufi. Mai kwangila ya ce shi ƙaramin gyara ke kansa, wannan ɓarna ta fi ƙarfin yarjejeniya. Masu hukunci sunka ce a jira a rubuta takarda a kai gaba. Ƴan ƙungiya, da anka neme su, ashe shugaban ya tafi biɗa tun bayan girbi, ma'ajin kuma bai taɓa ganin littafin asusu da idonsa ba. Anka yi mako ana kiran waya. Anka yi na biyu ana jiran mai duba ɓarna. Cikin na uku wani alhaji daga waje ya turo kuɗɗi anka sayo kayan, kowa ya yi masa addu'a, magana ta mutu. Har yau babu wanda ya tashi a bainar jama'a ya tambayi inda kason shekara da shekaru ya shiga.

Mu buga lissafi kaɗan, misali ne, kowa ya sa lambobin garinsu. A ce gari na da mutum 3,000. Ma'aikatan agaji na duniya sun tsayar da lita 15 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum guda ke buƙata a yini, na sha da girki da ɗan wanki. Lita 45,000 ke nan, wato bido 2,250 mai cin lita 20. In ana sayar da bido dala 2, a yini an haɗa jika 22 da rabi, a wata jika 675. Ko kashi ɗaya cikin goma anka ajiye, a shekara an wuce jika 800. Mun sani da damana ciniki na raguwa, kuma ba kowa ke saye a pompo ba, to a raba biyu ma. Shekara biyar ana tarawa, bai kamata a ce akwatin wuta ya ƙone gari ya rasa abin sayen wani ba.

Yanzu a juya lissafin ta ɓangaren gida. Magidanci mai mutum 10 yana buƙatar bido 8 a yini, dala 16 a farashin pompo. Shato ya tsaya, mai amalanke ya je nesa ya ɗebo, a ce yana sayar da bido dala 20. Dala 160 ke nan kullum. Kwana 20, jika 16 sun fita daga gidan da watakila a lokacin hatsin rumbu ya ƙare, ana shirin shuka, ana neman na iri. Wanda ba shi da jika 16 ɗin kuwa, kun san inda matarsa za ta nufa da tulu.

A nan dole mu juyo kan kanmu, don ba daidai ba ne mu ɗora wa mai kwangila da hukuma komai. Mu nawa ne munka ja pompo cikin gida, kontar na juyawa wata shida ba mu biya ba, in an zo yanka mu aika a yi mana magana da babba? Abin kunyar shi ne masu ƙin biyan nan galibi ba talakawa ba ne. Tsohuwa mai sayar da ƙosai dala biyunta na hannu kafin ta kafa bido. Masu babbar riga ne ke cin bashi, da wasu wuraren gwamnati da ke jiran kasafi. Mu nawa ne munka taɓa halartar taron ƙungiyar ruwa? An yi shela, mutum bakwai sun zo, an zaɓi wanda ba ya musu. Kuma in ka duba, mata da ke tashi da asuba su yi layi, waɗanda sunka fi kowa sanin ranar da ruwa ya rage ƙarfi ko ya canza ɗanɗano, sunansu a takarda kawai yake. Ra'ayinmu shi ne ma'ajin ƙungiya ta zama mace, mace mai zama gari rani da damana, irin waɗanda ke riƙe adashi shekara da shekaru ba a taɓa jin dala ta ɓata ba.

Tun watan Afrilun 2024 da anka rusa majalisun komin, babu kansilan da za ka tare a kasuwa ka ce wane, mu munka zaɓe ka, ina maganar ruwa. Kantomomin riƙo ne ke tafiyar da komin. Ba siyasa munka zo yi ba, amma canjin nan ya ƙara wa ƙungiyar masu shan ruwa nauyi, don ita da masu gari ne sunka rage a matsayin bakin jama'a kan wagga magana. Kuma kantoma, ko daga ina anka turo shi, ya gaji littafin asusun nan kamar yadda ya gaji kujera da tambari. Neman ya buɗe shi ba rashin ladabi ba ne.

Mu koma ga kwanaki ukun farko, don nan rai yake. Ƙishirwa ba ta san an aika takarda Tawa ba. Yinin farko ana lallaɓawa da abin da ke randa. Na biyu an koma tsohuwar rijiya da tabki. Ita rijiyar nan, in bakinta ba shi da tsawo ko ba ta da murfi, ruwan daren jiya ya riga ya share duk abin da ke doron ƙasa ya zuba mata. Mu faɗi gaskiya ba kunya: har yanzu da yawanmu bayan gari muke zagayawa, waɗanda ke da salga kuma da yawa ramin ba a ɗaure shi da siminti ba, ruwa na cika shi ya rufta ko ya yi ambaliya. Mu ba mu da manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa irin na birane, abin da muke da shi salga ce, da gologo, da kwararon da ruwa ya zaɓa wa kansa. Duk abin da ya fita daga waɗannan, gangare yake bi, gangaren kuma fadama ya nufa, inda rijiyoyin suke. Ma'aikatan lafiya na cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya. Ku zagaya unguwarku da ƙafa ku auna, taki 40 na babban mutum, ku gani ko mun cika.

Ba tatsuniya muke ba. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 5,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 150, jihar Tawa na cikin inda ta yi ɓarna. A damanar 2024 ta sake ɓulla a jiharmu, kuma gundumar Buza na cikin wuraren da ta taɓa. Cuta ce da ke iya zuƙe babban mutum cikin yini guda. Wanda ya taɓa ɗaukar ɗansa a amalanke cikin dare, hanya ta yanke, kori ya kawo, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Maganin kuwa ba shi da tsada, rashin tanadi ne ke sa ya gagara. Ƙwayar Aquatabs irin ta bido, guda ɗaya ake jefawa cikin lita 20, a rufe, a jira minti 30. Amma a kula, in ruwan ya yi jawur da laka maganin ba ya cin ƙarfinsa, sai an bari ya kwanta an tace da tsabtataccen ƙyalle tukuna. In ba ƙwaya, a tafasa na sha, ko da na yara ne kawai, mun san itace ya yi wuya. Rijiyar da ruwan gari ya shiga, a kwashe ta, a yashe, a sa mata magani kafin a koma sha. Gishirin zawo ya kasance a kowane gida. Duk wannan ma'aikatan likita sun sani, suna faɗi a gidan rediyo duk shekara. Abin da muke roƙo shi ne kada a jira sai cuta ta ɓulla kana a aiko da kwali daga Buza. A sayi kwalin tun watan Mayu, da kuɗɗin asusun ruwa in ta kama, a ajiye wajen likita da wajen masu unguwa.

Za a ce mana ƴan garuwa da masu amalanke na cin kasuwar wahala. Akwai masu yi, kuma Allah na ganinsu. Amma mu yi adalci: mutumin da ya kora jakinsa tafiyar awa biyu cikin taɓo, ya yi layi a wani gari, ya dawo da bido goma sha biyu, ba zai sayar a farashin pompo ba. A kwanakin nan su ne shaton gari. Maimakon zagi, a zauna da su tun kafin damana, a san su nawa ne, a amince kan farashin ranar wahala, a nuna musu inda za su ɗebo da inda ba za su ɗebo ba, kuma kowane tano da sunka shigo da shi a sa masa magani a bakin gari. Mai amalanke ɗaya da ya ɗebo daga gurɓataccen wuri ya isa ya raba wa gida talatin ciwo kafin azahar.

Akwai kuma masu cewa in ruwa ya dawo a bar shi kyauta wata guda, tun da jama'a sun sha wuya. Zuciya na son wagga magana, mu ma mun so ta. Amma mun ƙi ta. Asusun da anka kwashe don gyara, da me za a mayar da shi, alhali damana yanzu ta fara kuma wata iskar na tafe? Abin da ya fi shi ne masu unguwa su rubuta gidajen da sunka rushe da na marayu da tsofaffin da ba su da mai taimako, a ba su bido kaza kullum na ƴan makonni, a rubuta a littafi kowa ya gani. Sauranmu mu biya. Likita kuwa, ranar da ruwa ya yi kaɗan, ita za a fara buɗe wa, ko unguwar wa za a rufe.

Maganar rufewa ta tuna mana wani ƙaramin abu da ke jawo babbar asara. A cikin garin nan mutum nawa sunka san inda makullan tiyo suke? Sau da yawa mutum guda ne, wanda anka yi aikin da shi tun farko. Ƙasa ta binne wasu, an yi gini kan wasu. In kori ya karya tiyo a unguwa ɗaya cikin dare, ruwan shato duka ta nan zai tsiyaye kafin asuba, alhali da an murɗa makulli ɗaya sauran unguwanni sun tsira da na kwana guda. A zana taswira ko da hannu ne, a manna a ma'aikatar komin da ɗakin inji, a koya wa samari uku ko huɗu. Haka nan mai kula da inji ya riƙa cika shato tun da rana a watannin hadari. Shato cike ya fi tsayawa da ƙafarsa gaban iska, don kowace lita 1,000 nauyin tan guda ce, kuma in wuta ta lalace an kwana da abin sha. In an ga gabas ta haɗa, a kashe inji a raba shi da waya kafin tsawa ta fara. Wannan bai buƙatar ko dala.

Kada mu ɗauka mu kaɗai iska ke yi wa haka. A Amurka, ranar 4 ga Mayun 2007, guguwa irin mai juyawa ta faɗa wa wani ƙaramin gari mai suna Greensburg a jihar Kansas, garin da mutanensa ba su kai 2,000 ba. Ta rushe kusan kashi 95 cikin ɗari na gine-ginensa, har da shaton ruwansu. Tasu iskar ta fi tamu muni nesa ba kusa ba. Abin da ya ja hankalinmu a tsarin ƙasar shi ne ma'aikatun ruwa na garuruwa kan sa hannu kan yarjejeniyar taimakon juna tun lafiya lau, ta yadda in masifa ta sami ɗaya, maƙwabta su turo ma'aikata da injin wuta da kayan gyara, a yi lissafi daga baya. Da munka ji haka sai munka yi dariya, don ai gayya ce, mu munka gaje ta. Gundumar Buza komin bakwai ce: Buza, Allakaye, Babban Katami, Dewule, Karofane, Tama da Tabotaki. Me zai hana bakwai ɗin nan su haɗa kuɗɗi su ajiye gurup guda mai hawa mota, da injin foraj na ko-ta-kwana, da akwatin wuta, da ƴan tiyo, a wuri ɗaya da kowa ya yarda da shi? Hadari ba ya rushe gunduma duka dare ɗaya, layi yake bi. Wanda ya tsira yau ya ara wa wanda abin ya samu. Komin guda ba ta iya ajiye kayan miliyoyi suna jiran tsammani, amma bakwai suna iyawa, in Keita da Madawa sun shigo ma ya fi sauƙi.

Kuma lokaci ba ya gefenmu. Tsofaffi na cewa ruwan yanzu ba irin na da ba ne, zuwa yake da fushi, kuma masana sun gaskata su. Wani bincike da anka wallafa a 2017 a mujallar Nature, bisa hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Damanar 2024 kowa ya gani: kusan mutum 400 sunka rasu a faɗin ƙasa, kimanin miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, tsohon masallacin Damagaram ya faɗi, har komawa lakwal sai da anka ɗage zuwa 28 ga Oktoba. Kayan ruwan da anka kafa da lissafin iskar shekara 20 baya, yau wata iskar suke fuskanta.

Abin da ke ba mu ƙarfin gwiwa shi ne ƙasar nan ta taɓa yin faɗa da iska da kori ta ci nasara. Tun 1975 anka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya don karya iska, iyayenmu ne sunka yi dashen sunka yi tsaro har itatuwan sunka girma. Daga 1984 aikin Keita ya zo, anka jera duwatsu kan fako, anka datse korai, kuma duk wanda ya ga lokacin zai gaya maka mata ne sunka fi yawa a wajen ɗaukar dutsen nan a ka. Jikokinsu ne za a ce sun kasa jera gabiyon goma a inda tiyo ya ƙetare kori? Layin itace biyu a gabas da filin panno, da nisa yadda inuwa ba za ta rufe su ba kuma reshe ba zai faɗo musu ba, aikin Juma'a biyu ne ga samarin gari.

Ƴan uwanmu na biɗa, na Abijan da Legas da Libiya da Aljeriya, mun san da yawanku ta waya kuke bin wannan shafi, kuma ku ne ake fara kira in abu ya lalace. Allah ya saka muku da alheri, ba mu da bakin gode muku. Amma muna roƙonku abu guda: in an kira ku kan ruwa, kafin ku turo, ku tambaya nawa ke cikin asusu, kuma ku ce a turo muku hoton shafin littafin a WhatsApp. Ba rowa ba ce. Muddin an san akwai mai rufe rami daga waje, ba za a daina haƙa shi a gida ba. Kuɗɗinku su tafi ga ƙari, sabon tiyo zuwa unguwar da ba ta da shi, ko salgar siminti a kasuwa da tasha, su daina zama madadin abin da munka riga munka biya bido bayan bido.

Saboda haka muna kira ga mai girma kantoma, da masu gari, da mai kwangila, da shugabannin ƙungiyar masu shan ruwa, da babban ma'aikacin likita, su kira taro a fili kafin hadari na gaba, ranar da ba ta kasuwa ba, da hantsi bayan mata sun gama ɗiban ruwa don su samu zuwa. A karanta yarjejeniyar da Hausa, a faɗi ƙarara wane gyara ke kan wa, da kwana nawa anka ba shi. A faɗi abin da ke asusu da sunan wurin da yake ajiye, da waɗanda sa hannunsu ke fitar da shi. A karanta jimillar bashin da ake bin masu pompon gida, sunaye kuwa a ba su wata guda su biya kafin a kai ga nan. In anka sa ranar, a sanar da mu, za mu yi shelarta a nan sau uku, kuma za mu zo da abin ɗaukar magana don na nesa su ji da kunnensu.